Labulen Hajiya Khairiyya

Buraima mutumin Kura ne ta jihar Kano, kuma gidansu marina ne tun kakanni. Yana ɗan shekara goma aka zaunar da shi gaban gungumen bugu, aka damƙa masa sanda. Ubansa ya shekara hamsin yana rina baƙin yadin nan mai sheƙi, Buzaye na tahowa tun daga Agadas su saya su yi rawani. Da kasuwa ta ja baya, yadin kanti ya cika gari, Buraima ya nemi biza ya zo Riyad, ya kama aiki a wani shagon wanki da guga a unguwar Ulaisha. A farkon 2017 shekararsa tara ke nan a shagon.

Ba ya ƙorafi da aikin, sai dai abu guda: komai fari ne. Daga safe har la'asar fararen jallabiyoyi yake gogewa, wannan kamar waccan, sai ɗan jan mayafin kai da maza ke yafawa. Mai shagon, Abu Shakir, ɗan Yaman ne, mutum mai raha da gaggawa, wanda ya yarda babu tabon da ruwan zafi da bilic ba za su fitar ba.

Wata Talata da hantsi, cikin sanyin Janairu, Mamane ya turo ƙofar shagon da ƙafa, rungume da wani ƙunshi. Mamane direba ne, mutumin Damagaram, yana tuƙa wata dattijuwa da ake kira Hajiya Khairiyya. Bene ɗaya suke haya da Buraima a unguwar Manfuha, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Bakano, ajiye dutsen gugar nan ka zo ka karɓi aiki," in ji Mamane. "Hajiya ta ce a wanke mata wannan. Daga ƙasan akwati ta tono shi, tun a mota yake sa ni atishawa."

Abu Shakir ya riga Buraima kai hannu. Ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ɗaga gefe ya ga wani tabo ruwan ƙasa mai faɗin faranti.

"Tsohon labule ne," ya ce da Larabcinsa na kasuwa. "Mafi mushkila, ba matsala. Inji, ruwan zafi, bilic, gobe a zo a ɗauka." Ya cilla shi cikin kwandon kayan da ke jiran inji.

Da ƙunshin ya faɗa sai ya warware, gefensa ya zubo har ƙasa. Daga inda yake tsaye Buraima ya hango ja a kan fari. Ba fure ba ne, ba kuma irin zanen atamfa ba. Mutane ne, ƙanana kamar ɗan yatsa, birjik, kowa da abin da yake yi. Ya kife dutsen gugar ya zo ya tsuguna.

Abin da ya fara gani wasu maza huɗu ne tsaye a bakin rafi, kowanne ya ɗaga doguwar sanda sama, ga wani abu shimfiɗe a tsakaninsu. Can gefe wani ya sunkuya kan ƙatuwar tukunya, hayaƙi na tashi, yana juyawa da muciya. Can sama an shanya dogayen yadudduka daga tagar wani bene, sun sauko kusan ƙasa. Gabansa ya faɗi, irin faɗuwar da yake yi in mutum ya ji Hausa a tsakiyar kasuwar da bai san kowa ba.

"Abu Shakir," ya ce, "wannan ba zai shiga inji ba."

"Me ya sa?"

"In ya shiga, tsumma zai fito. Taɓa ka ji. Zaren ya tsufa. Ka ba ni shi in tafi da shi gida, ran Juma'a in wanke da hannu."

Abu Shakir ya dube shi da mamaki, don shekara tara bai taɓa jin Buraima ya musa masa ba. Ya ɗaga kafaɗa. "Ranar hutunka ce, ba tawa ba. Halas, shi ke nan, ɗauka."

Mamane ya leƙo ta bayan Buraima. "Me ka gani haka? Manoma ne fa ke sussukar hatsi. Dubi sandunansu."

"Hatsi a bakin ruwa? Kai dai Damagaram ba ku san komai ba sai rairayi. Yadi suke bugawa."

"Turawa ne fa. Ina Bature ina bugun yadi?"

"Zo Juma'a in nuna maka. Ka taho da galan biyu na ruwan sha, ruwan famfon garin nan gishiri ne."

Ran Juma'a bayan an sauko daga sallar asuba, gari ya waye, suka hau saman bene. Buraima ya share wuri tsakanin tankin ruwa da igiyoyin shanya, ya shimfiɗa leda, ya ɗora tsohon zanin gado mai tsabta, sannan suka warware labulen a kai su biyu, a hankali. Falle biyu ne aka haɗa, dogaye, kuma ɗinkin hannu ne, ƙanana ƙanana. Hoton yakan kai kamar tsawon hannu biyu sai ya sake dawowa daga farko, mutanen nan dai, aikin nan dai.

Kafin ya zuba ruwa sai da Buraima ya jiƙa auduga ya danna a can lungun gefe, ya ƙirga ɗari a zuci, ya ɗaga. Audugar fara tas.

"Ba ya zuba," ya ce. "Wanda ya rina wannan ya san Allah."

A wurin ne Mamane ya lura da rubutu a bakin yadin, inda aka naɗe aka ɗinke. Ya yi lakwal, makarantar boko ta Faransanci, har aji tara a Damagaram, kuma ba ya bari a manta da haka. Ya gyara murya, ya sa yatsa.

"Jouy, près Versailles. Bon teint."

"Da Hausa, malam."

"Juwi sunan gari ne, kusa da inda sarkin Faransa yake zaune a da. Wannan na ƙarshen kuma cewa yake rinin mai kyau ne, ba ya zuba."

"Ai na riga shi faɗa."

"Shi ya riga ka da shekara ɗari biyu."

Mamane ya zauna kan bokiti ya shiga lalube a wayarsa da Faransanci, Buraima kuwa ya fara aiki. Ya yayyafa ruwa har yadin ya sha, ya kaɗa ɗan sabulu mai laushi a roba, ya riƙa dannawa da soso ba tare da ya cuɗa ba. Ruwan farko ya fito kamar shayi. Na biyu ya ɗan yi haske. Duk lokacin da zai juya yadin, zanin gadon da ke ƙasa yake ɗagawa, don kada nauyin ruwa ya keta tsohon zare.

"To ji nan," in ji Mamane. "Masana'anta ce babba a garin, ta yi aiki tun wajen 1760 har shekara tamanin da wani abu. A jikin faranti na jan ƙarfe suke sassaƙa hoton, su shafa magani, su danna wa yadi. Labule suke yi da shi, da rufin gado, da kujeru. Akwai mai hoton makiyaya, akwai mai farauta, akwai mai jiragen ruwa. Wannan naka kuma hoton ma'aikatansu ne suka yi, suna cikin yin yadin."

"Ashe kansu suka zana."

"Kansu. Amma sun ce daga baya wasu sun riƙa sake bugawa, don haka ba kowanne ne tsoho na asali ba."

"Jan fa? Da me suka rina?"

"Saiwar wani tsiro." Mamane ya ci gaba da karatu, can sai ya tuntsire da dariya har ya kusa faɗowa daga bokitin. "Bakano, ka san abin da suke tsoma shi ciki kafin rini? Kashin shanu! Labulen gidan sarki, kashin shanu!"

Buraima bai yi dariya ba, kai ya gyaɗa. "To mu toka muke sawa da katsi. Ka taɓa tsayawa bakin karofi ka ji wari? Kowane rini da ƙazantarsa. Su huɗun nan na bakin rafi fa, me wayar ta ce?"

Mamane ya daɗe yana dannawa. "Ta ce yadi suke bugawa," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, iska ta ɗauke."

"Na ce yadi ne!"

Wajen ƙarfe tara aka gama ɗauraya ta huɗu. Farin ya dawo kamar madara, jan ya fito fes. Tabon nan mai faɗin faranti ya dushe amma bai tafi ba, kuma a ƙarƙashinsa zaren ya ruɓe, ko'ina ƙananan huji. Falle ɗaya lafiya lau yake daga sama har ƙasa, ɗayan ne ruwa ya taɓa. Suka ja shi inuwar tanki don ya bushe a shimfiɗe.

Buraima ya kasa haƙuri. Ya kira matarsa Tabawa a Kura ta wayar da ake ganin juna, ya ce ta kai wa Baba a zaure. Aka ɗan yi ta ganin rufin ɗaki da sararin sama, sannan fuskar tsohon ta cika wayar, kusa ƙwarai, har ba a ganin komai sai gira da hanci.

"Baba, barka da hantsi. Ku ɗan ja wayar baya. Wani abu zan nuna muku."

Ya bi yadin da wayar a hankali. Tsohon ya ƙura wa yadin ido.

"Tsaya nan," ya ce. "Waɗannan huɗun me suke yi?"

"Bugu, Baba."

"A tsaye? Da jiƙaƙƙen yadi? Wannan wanki ne, ba bugu ba. Dauɗa suke kora. Wuce."

Buraima ya wuce kan mai tukunya.

"Wannan ya iya. Dubi yadda ya riƙe muciya, ba da hannu yake juyawa ba, da ƙugu. Amma wuta suke sawa? Rini da wuta? To, Allah ya ba da sa'a. Wuce."

Ya nuna masa mata zaune gefen dogon tebur da 'yan burushi suna cike launi, da wani mai danna katako kan yadi yana bugawa da guduma, da filin ciyawa inda aka shimfiɗa yadudduka jere. Sai suka iso kan wani mutum shi kaɗai a lungu, ya ranƙwafa yana goga wani abu a kan busasshen yadi.

"Yawwa!" Tsohon ya ɗaga murya har wayar ta yi ƙara. "Wannan ne ɗan'uwanmu. Sheƙi yake nema. Dubi bayansa ya lanƙwashe kamar nawa. Ka gaishe shi."

Mamane ya toshe baki don kada dariya ta fito.

"Wancan mai doguwar riga da sanda fa, da yake nuna wa mutane da hannu?" in ji tsohon.

"Ina jin shi ne mai gidan, Baba."

"Ai na gane. Hannunsa fes. Ko'ina akwai irinsa." Ya yi tari, ya ƙara matso da ido. "Buraima, mutanen nan duka, ban ga mai kawo musu abinci ba. Turawa ba sa cin tuwo a wurin aiki?"

Sai da Tabawa ta karɓe wayar tana dariya, ta ce kuɗin waya zai ƙare, sannan aka rabu. Buraima ya zauna gefen yadin har azahar yana kora tantabaru.

Ran Lahadi Mamane ya zo shagon ya ce Hajiya ta ce lallai a kawo mata wanda ya yi wankin. Abu Shakir ya ba Buraima awa biyu. Ya naɗe labulen a jikin kwalin da ake naɗe darduma don kada ya karye, ya sa hularsa ta Juma'a, suka tafi.

Hajiya Khairiyya ta haura saba'in, gajeriya, mai ƙarfin murya. A Makka aka haife ta, amma kakanninta daga Haɗeja suka taho a ƙasa, shekara bakwai suna hanya, kuma Hausarsu ta gada, tsohuwa, gauraye da Larabci. Ta karɓe su a falon baƙi, aka kawo gahawa da dabino. Da aka warware labulen kan darduma sai ta dafa ƙirji.

"Mashallah! Haka yake ranar da ya kawo mini shi. Ɗana, Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Hajiya. Tabon ne dai ya ƙi fita duka."

"Bar shi. Rufin tsohon gidanmu ne ya yi yoyo, ba laifinka ba ne."

Ta ba su labari. Mijinta, marigayi Abdulmuttalib, tafinta ne a wani kamfanin 'yan kasuwa, aka tura shi Faris shekara biyu tana amarya. Da zai dawo ya shiga kasuwar tsofaffin kaya ya ga labulen. Mai sayarwa ya rantse masa ya girmi kakan kakansa.

"Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, oho," in ji Hajiya. "Shi Alhaji komai aka ce masa yarda yake. Na rataye shi a ɗakina, kwana shida. Ran na bakwai uwar mijina ta shigo, Allah ya jiƙanta, ta tsaya ta dube shi, ta ce, 'Khairiyya, mutane nawa kika tara a ɗakin nan? Ta ina mala'iku za su shigo?' Ran nan na sauke shi. Shekara arba'in da biyu yana akwati."

"Yanzu za ku mayar da shi, Hajiya?" Buraima ya tambaya.

"A'a. Na tambayi malami. Ya ce rataye shi ne ba a so, amma in an yanka an yi matasai ana jingina, ba komai. Gobe Mamane zai kai shi kasuwar Dira wurin mai ɗinki a yanka."

Buraima ya ajiye ƙoƙon gahawarsa. Ya ji kamar an ce za a yanka akuyar da ya yi kiwo. Ya dubi Mamane, Mamane ya dubi silin.

"Hajiya, ku yi mini izini in yi magana."

"Faɗi, ɗana."

"Falle biyu ne. Wannan na dama ba abin da ya same shi. In an farke ɗinkin tsakiya, a bar shi yadda yake, a naɗe a ajiye, ko jikokinku sa gani. Na hagun nan da ruwa ya ci, shi dama ba zai ratayu ba, shi sai a yanka. Amma kada a bar mai ɗinki ya yanka da awo kawai. Zai raba mutum da kansa, ya raba tukunya da mai juya ta."

Hajiya ta kalle shi ta saman tabarau. "Kai ka san mutanen nan ne?"

"Na san aikinsu, Hajiya."

Ya durƙusa ya shiga nuna mata, ba yadda suke jere a yadin ba, yadda aikin yake tafiya. Daga nan ake farawa, bakin rafi, a wanke a buga. Sai a kai wa masu danna hoto. Sai tukunya. Sai a koma rafi. Sai a shimfiɗa a ciyawa rana ta ci inda ba a so ja ya zauna. Sai mata su cike abin da ya saura. Sai wannan na lungu ya goge ya fito da sheƙi. Yatsansa na tsalle daga sama zuwa ƙasa, daga gefe zuwa tsakiya.

Hajiya ta sauko daga kujera da kyar ta zauna ƙasa kusa da yadin. "Shekara arba'in da biyu," ta ce, "ni na ɗauka biki suke yi. Na ce wa Alhaji waɗancan rawar sanda suke, wannan kuma abincin biki yake dafawa." Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. "Mamane, gobe da shi za ku tafi. Duk inda ya ce a sa almakashi, nan za a sa. Zan kira mai gidansa da kaina."

Mai ɗinkin a Dira wani tsohon Basudane ne, shagonsa a wani lungu bayan masu sayar da darduma da turaren wuta. Ya saba a ba shi yadi a faɗa masa awo ya yanka cikin minti biyar. Ran nan sai da ya sha shayi kofi uku yana kallon Buraima yana zagaya tebur da alli.

Shida sun fitu ba wahala: masu rafi, masu danna hoto, mai tukunya, filin shanya, matan tebur, da mai sheƙi. Matsalar wani mutum ce guda, ɗan dako, ɗauke da ƙunshin yadi a kafaɗa, yana tafiya shi kaɗai tsakanin rafi da tukunya. A wuri na farko tabo ya cinye shi. A na biyu kuwa daidai kansa layin alli ya bi, inda matashin masu rafi ya ƙare na mai tukunya ya fara. In an matsa hagu, a yanke ƙafar ɗaya daga masu bugu. In an matsa dama, rabin tukunya ya tafi.

"Ya ahi, ɗan'uwana, ɗan dako ne kawai," in ji Basudanen. "Ba wanda zai tambaye shi."

"In babu shi, ta yaya yadin zai je tukunya?" Buraima ya ce da Hausa.

Mamane ya fassara, Basudanen ya dubi Buraima ya ga ba wasa yake ba. Ya ajiye kofi, ya sa tabarau, ya zo ya tsaya kan tebur. Suka yi ta juya yadin su uku. A ƙarshe Basudanen ne ya gano dabara: a can ƙasa, inda hoton ya fara dawowa karo na uku kafin yadin ya ƙare, ɗan dakon yana nan cikakke, sai dai wurin bai fi tafin hannu biyu ba.

"Matashi ba zai fitu a nan ba," ya ce. "Sai dai ƙarami, irin na sa wa a bayan wuya."

"A yi masa," in ji Buraima.

Da almakashin ya fara ci, Buraima ya fita waje ya tsaya yana kallon masu wucewa. Sai da Mamane ya leƙo ya ce an gama, ba wanda ya mutu, sannan ya koma.

Bayan mako guda aka kai matasan, shida manya da ɗan ƙarami ɗaya, an yi musu baya da jan yadi mai kauri. Buraima ya jera su a falon Hajiya bisa tsarin aiki, daga ƙofa zuwa taga, ya sa ɗan dakon tsakanin rafi da tukunya. Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana faɗar aikin kowa kamar mai bitar karatu, ta yi kuskure sau ɗaya, ta gyara da kanta. Fallen da aka bari kuwa ta naɗe shi cikin farin zani ta rubuta sunan jikarta Mu'minat a takarda ta maƙala.

Ba ta bar su sun tafi ba sai da aka ci shinkafa da naman rago, ta kuma cika wa Buraima leda da dabinon Madina, ta ce ya aika wa tsohonsa.

Hajiya na da ƙawaye, kuma duk ranar Laraba a gidanta suke haɗuwa. Mamane ne ya riƙa kawo labari: wai yanzu ba mai shan gahawa sai Hajiya ta zagaya da ita ta ga masu rafi da mai tukunya, kuma in wata ta ɗauki matashi ta mayar ba wurinsa ba, sai an tashe ta. Ba a yi wata ɗaya ba direbobi suka fara tsayawa ƙofar shagon Ulaisha da ƙunshi, suna tambayar ɗan Najeriyar nan mai wankin hannu. Wata ta aiko da rigar aurenta ta shekara hamsin. Wata ta aiko da rufin tebur na Sham mai zaren azurfa. Abu Shakir ya kwashe kwalayen da ke ɗakin baya, ya sa tebur mai faɗi da famfo mai tace ruwa, ya ɗauko wani ya kama rabin gugar.

Wata safiya cikin Maris wani dattijo Balarabe ya shigo da kansa, yana dogara sanda, ɗansa na biye da jaka. Ya ce shi ba ya aike, yana so ya ga hannun da zai taɓa kayan. Buraima ya miƙa hannuwansa biyu, dattijon ya juya su ya duba ciki da baya kamar mai sayen doki, sannan ya ce wa ɗansa ya buɗe. Alkyabbar ubansa ce, ta gashin raƙumi, baƙa, zinaren wuyanta ya dushe ya koma kore, kuma asu ya taɓa kafaɗa.

"Kwana nawa?" dattijon ya tambaya.

"Sai na san ta tukuna," in ji Buraima. "Ku zauna, Baba, a kawo muku shayi. A ina aka saƙa ta?"

Dattijon ya ja kujera ya zauna, ya jingine sandarsa, ya fara da cewa ubansa mutumin Ahsa ne, garin masu saƙar alkyabba.